Baba Dispensa da Butar Kakana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin shara da safen nan aka bugo daga Kalgo, wai Baba Dispensa ya rasu bayan asuba. Tsintsiyar tana nan inda na yar da ita.

Kun san ba na rubutu a nan, sai dai in yi like in wuce. Yau ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon ma'aikacin lafiya ne, maƙwabcin yayar mamata. Ya daɗe da ritaya, amma ƙofar gidansa ba ta rabo da mutane.

Bara Kakana, limamin masallacin unguwarmu a Gwandu, ya fara tura na'ibinsa ya ja salla, wai ƙafa ke damunsa. Ashe fitsari ne. Ya matse shi, in ya je ya ƙi fita sosai, in ya yi alwala kuma ya ji ɗigo. Tsoronsa kada ya ja mutane salla ba tsarki. Har ruwa ya daina sha, leɓensa duk ya bushe.

Ya kasa faɗa wa 'ya'yansa. Ni ya faɗa wa, cikin wasan jika da kaka, wai amaryarsa ta nemi wani mijin, shi ya zama tsohuwar buta mai yoyo.

Na yi dariya a gabansa, na shiga ɗaki na yi kuka.

Da na je hutu Kalgo, kwana uku ina gaishe da Baba ina wucewa. Rana ta huɗu shi ya tsayar da ni. Na durƙusa, na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ta yaya zan ambaci fitsarin kakana a gaban dattijo? Sai kawai na ji bakina ya ce butar Kaka ce ke yoyo.

Wallahi ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "To ɗiyata, butar nan shekarunta nawa?"

Da buta muka yi maganar har ƙarshe. Ya ce wani ɗan nama ne a ƙarƙashin mafitsarar maza, prostate ake ce masa, in shekaru suka ja sai ya kumbura ya matse hanya. Ba sammu ba ne, ba kuma abin kunya ba.

Ya laluba aljihu ba takarda, sai ya ce in miƙo wannan da nake ɓoyewa cikin hijabi. Littafin soyayya ne, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko bangon bai duba ba, ya buɗe shafin ƙarshe ya hau rubutu.

Kaka ya sha ruwa sosai da rana, ya rage daga magariba. Ya bar shayin dare, ya rage goro. Ya riƙa takawa zuwa gona bayan la'asar. A yawaita masa tumatir da zogale a miya, a soya masa 'ya'yan kabewa. In ya gama ya ɗan jira ya sake gwadawa kafin ya yi tsarki. Can ƙasa ya ja layi biyu: a kai shi asibiti a duba, in kuma fitsarin ya tsaya ko aka ga jini, kada a jira gobe.

Kaka ya yarda da komai ban da asibiti. Da labari ya kai wa Baba, sai ga shi ya shigo motar haya har Gwandu. Na kai musu fura zaure, na ji yana cewa shi ma tasa butar haka take, suna ta ƙyaƙyata dariya kamar sun shekara da sanin juna. Cikin satin Kaka ya je asibitin, aka ba shi magani ya haɗa da abin da Baba ya rubuta. Goro ne dai aka sha daru, da ƙyar suka daidaita a kan ɓari ɗaya.

Kafin azumi, wata magariba, na ji muryar Kaka a lasifika. Na tsaya da bokiti a hannu har ya kai ƙarshen Fatiha.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da babbar salla ce. Daga nesa ya ce, "Yaya buta?" Na ce da sauƙi sosai, Baba. Ya tambaye ni ko saurayin littafin ya samu yarinyar. Na ce sun yi aure. Ya ce madalla, Allah ya ba shi lafiyar buta in ya tsufa.

A littattafan da nake karantawa gwarzo da mota yake zuwa da turare. Ni nawa da biro ya zo, da silifas.

Kakan da bara ko Maruda da ke nan kusa da mu ba ya yarda ya je don tsoron matsuwa a hanya, ɗazu ya yi alwala, ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha. Na ce Kalgo fa da nisa. Ya ce, "Amarya, wanda ya maido ni gaban sahu, ba za a sallace shi ba ni ba."

Allah ka gafarta wa Baba, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mana, ka sa Aljanna ce makomarsa, ka ba iyalansa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko sau ɗaya ne.