Iyatu Mai Tace Baƙin Mai

Idan ka shiga Kuchigoro da ke Abuja da hantsi ka tambayi inda ake markaɗe, ba mai ɓata bakinsa wajen yi maka kwatance. Za a ce ka bi ƙara. Ƙarar za ta kai ka wata rumfar langa-langa, inda za ka tarar da wata doguwar mace siririya, hannunta baƙi ƙirin har gwiwa, tana ba wani tsohon inji umarni kamar yana jin ta. Ita ce Iyatu.

A wani ƙauye na gindin dutse a ƙasar Gwoza aka haife ta, can ta yi aure, can mijinta Manniru ya kafa injin niƙa na farko a garin. Ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba ta kuma fara bayan mutuwarsa ba. Malam take cewa, injin kuwa injin Malam. Ranar da aka shigo garinsu da bindigogi, ita ta tsira ta kan dutse, shi bai tsira ba. Ta yi ta gangarawa daga wannan gari zuwa wancan har ta tsinci kanta a Abuja, cikin 'yan gudun hijira.

Da ƙura ta ɗan lafa, mutane suka riƙa komawa su kwaso abin da wuta ta rage. Wasu suka dawo da tukwane, wasu da keken ɗinki. Iyatu ta dawo da ƙarfe. Ta tono injin daga ƙarƙashin rufin da ya rufta masa, ta roƙi mai motar gawayi ya ɗora shi. Ranar da aka sauke shi a Kuchigoro an yi mata dariya har da riƙe ciki, ita ko a jikinta. Hassan, wani bakanike ɗan Gwarinpa, ya kwance shi ya wanke, ya tashi. Shekaru injin yana ciyar da ita, mata kuma suka huta da ɗaukar ƙullu zuwa nesa.

Sai man gas ya yi tashin da ya fi ƙarfin talaka. Abuja dai ba ta fasa tsawo ba, benaye na ta fitowa ta ko'ina, amma rumfar Iyatu ta yi tsit. In ta ƙara kuɗin markaɗe, matan da ke kawowa ba su da shi, in ba ta ƙara ba, injin ba zai sha ba. Ta lulluɓe shi da buhu.

Nan fa ƙanen mijinta Ɗangoggo ya sako baki. Maigadi ne a wani katafaren gida a Maitama, yana kuma da haƙƙi a injin, tunda gadon yayansa ne. Mutumin kirki ne, sai dai zaman ƙofar masu kuɗi ya koya masa raina duk abin da ba ya sheƙi.

"Matar Yaya," ya ce, "ki bari a kira 'yan gwangwan tun yana da nauyi. Damina na faɗuwa tsatsa za ta cinye shi, mu tashi ba inji, ba kuɗin inji."

"Ka ba ni zuwa ruwan farko," in ji ta.

Ya yarda, don ya tabbata ba abin da za ta iya.

A bakinsa kuma ta samu mafita, ba da saninsa ba. Yana cikin ba ta labarin gidan ogansa ya ce janaretan gidan ya fi ɗakinta girma, kuma kafin man cikinsa ya gama yin baƙi an yi masa juye, a tuttular da tsohon a kwata. Iyatu ta ji abin har cikin ranta. Mai guda, a kwata! Washegari ta hau mota sai Gwarinpa.

Hassan ya sosa ƙeya. "Madam, irin naki tsohon yayi ne, mai tafiya a hankali, cikinsa ba ya zaɓen abinci. In aka gauraya da gas zai sha. Amma sai man ya fita tas. Akwai garin ƙarfe a ciki, akwai datti, akwai ruwa. Ɗaya ya shiga nozul, bakin da ke fesa mai, kin gama."

Ɗangoggo ya roƙi mai kula da janareta, ya kawo mata jarka biyu a bayan acaɓa, yana dariya. Ita kuwa zumuɗi ya kwashe ta. Ta tace sau ɗaya da tsohon ɗankwali, ta gauraya, ta ɗura. Maƙwabciyarta Monica mai ƙosai, 'yar garinsu, har ta jiƙa wake don murna. Injin ya tashi, ya yi tari, ya turnuƙe rumfar da hayaƙi, ya mutu da waken a cikinsa. Ranar Monica ba ta soya ko ɗaya ba.

Hassan ya zo ya share nozul, fuskarsa ba walwala. "Wannan karon Allah ya rufa asiri. Kika sake, famfon man ne zai tafi, kuma irinsa ko a kasuwar 'yan kayan gyara sai an yi sa'a."

Iyatu ta ji kunya, ta ji tsoro, ta kuma ji haushin kanta fiye da komai. Da hannunta ta kusa kashe abin da 'yan bindiga ma suka bari. Ta yi kwanaki ba ta kalli jarkokin ba.

Wata safiya tana tsiyaye ruwan gasara don dama koko, sai ta tsaya da ƙwarya a hannu. Tun tana yarinya ta san ba a yi wa gasara gaggawa: a tace, a bar ta ta kwanta, a tsiyaye a hankali. Me ya sa ta ɗauka baƙin mai zai fi gasara sauƙin kai?

Ta samo duro ta kafa a rana, ta juye man, ta rufe, ta hana kanta taɓawa. Ta ciro maganaɗisu daga lasifikar wata matacciyar rediyo, ta ɗaura da zare ta zura. Da ta jawo shi, ya fito da gashin ƙarfe kamar gemu. Ta share, ta mayar. Sai da makonni suka shige sannan ta fara kwasar na sama da ludayi, ba ta yarda ta motsa guggubin ƙasa ba. Ta tace da ƙyalle mai faɗin ido, ta sake da mai ƙanƙanta, ta ƙare da zanin da ta ninka. Mai yana ɗiga kamar ba ya so, tana zaune tana tsinkar zogale.

Maganar ruwa kuwa Monica ce ta warware ta. Ta ɗora wani marfin gwangwani a wuta, ta ɗiga man, ya yi tartsatsi.

"Iyatu, wannan mai naki yana da ruwa har yanzu. Man ƙosai ma haka yake yi mini. Ki mayar da shi rana."

Aka mayar. Duk wanda ya wuce sai ya yi ba'a, wai Iyatu ta koma sayar da kokon injuna. Ran da ɗigon ya kwanta a kan marfin shiru, yana hayaƙi kawai, matan biyu suka tafa.

Ruwan farko bai jira kowa ba. Kashegarinsa da hantsi sai ga Ɗangoggo da wani ɗan gwangwan, da kurar ɗaukar kaya, da sikeli.

"Matar Yaya, alkawari ya cika."

"Ya cika," ta ce. "Amma tunda ka zo, murɗa mini shi. Kafaɗata ba ta da daɗi yau."

Ƙarya take, kafaɗarta lafiya lau. Ta riga ta sa an ƙara wa bututun hayaƙin injin tsawo har saman rumfa don kada hayaƙi ya sauka a abincin mutane. Ta ajiye ɗan gas zalla na tayarwa, gaurayen kuma yana jira a tanki. Ɗangoggo ya naɗe hannun rigar gadinsa, ya kama hannun injin yana gunaguni, ya murɗa. Injin ya kama. Iyatu ta bari ya yi zafi, ta yi bismillah ta buɗe wa gaurayen hanya.

Ƙarar ta ɗan nutse. Monica ta dafe ƙirji. Sai ƙarar ta dawo, ta daidaita, ta ci gaba da bugawa a natse, irin bugun nan da duk ɗan garinsu ya tashi da shi a kunne kowace safiya. Mata suka fara leƙowa daga ɗakunan buhu, wata ma da bokitinta a ka.

Ɗangoggo yana tsaye da ƙarfen a hannu, ya manta bai ajiye ba. Sai ya dubi Iyatu.

"Wallahi, matar Yaya, na zaci in na waiwaya zan ga Yaya."

"Ni kullum ya tashi haka nake zata," in ji Iyatu. "Shi kake so a ɗora a sikeli?"

Ya ajiye ƙarfen. Ya je ya ba ɗan gwangwan haƙuri, har ya taya shi juya kurarsa.

Yanzu duk juyen da aka yi a layin su Ɗangoggo na Maitama, masu gadi sun san inda man zai tafi, Ɗangoggo ne kuma ke bi gida-gida yana tarawa. Duro uku ne a bayan rumfar, kowanne da lokacinsa, guggubin kuma masu rufi na karɓa su shafe katako saboda gara. Ba ta ƙara wa kowa kuɗin markaɗe ba. In ka yaba mata, ba ta yi maka kawaicin ƙarya. Za ta ɗaga baƙaƙen hannayen nan ta ce ai ta sani, sannan ta ce ka matsa, kana tare wa Monica hanya da wakenta.