Takardar Bayan Ƙofa

Shekara tara Inna Mai Shara tana share shagon ɗinkin kayan makaranta, ɗaki guda mai keken lantarki arba'in da taga biyu, ɗaya ma an kafe ta da ƙusa tun kafin zuwanta. Kullum da safe takan goge wata takarda mai gilashi da ke rataye bayan ƙofa, har sai ta ga fuskarta a ciki. Ba ta iya karatu ba. A zatonta lambar yabon maigida ce.

Da tari ya kama ta, sai ta koyi ɓoye shi. A gabanta aka sallami mai guga bara, daga ya yi kwana uku a kwance. Don haka takan danne abinta a ƙirji har kekuna su ɗauki ruri, sannan ta juya bango ta sake shi. Wata biyar tana wannan fama, zani yana ta yi mata yawa. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ranar da jami'ar lafiya ta zo duba shagon, maigida ya fito da sabulun da ke kulle a durowarsa, ya raba wa ma'aikata takunkumin rufe hanci, baki har kunne, sai ka rantse halinsa ne. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Kekuna suka yi tsit, tarin Inna ya fito fili.

"Inna, tun yaushe kike wannan tarin?" in ji jami'ar.

"Ƙura ce, 'yar nan."

"Ƙura ba ta ramar da mutum haka. Ba a kai ki gwaji ba?"

Jami'ar ta nufi takardar bayan ƙofa, ta karanta da ƙarfi. Ashe doka ce: wajibi ne mai wurin aiki ya buɗe tagogi, ya ajiye sabulu, ya tura mai tari gwaji, ya ba shi hutu da albashinsa, kuma ba shi da ikon korarsa.

Maigida ya shiga sosa ƙeya. Inna ta ƙura wa gilashin ido, babu ko ɗigon ƙura a jikinsa. Ta juyo wajen jami'ar.

"Da ma abin da ke ciki ke nan?"

"Shi ne, Inna."

Ta jingine tsintsiya, ta zauna a kujerar wani tela, abin da ba ta taɓa yi ba.

"To, ku haɗa da jikata a gwajin," ta ce. "Gado ɗaya muke kwana. Shekaranjiya ita ma ta fara."