Malam Rabe da Ƙafar Lado

Kullum da hantsi Malam Rabe kan jingine kekensa a gindin darbejiyar asibiti, ya wanke hannu, ya nufi ɗakin maza. Wankin ciwo ne aikinsa. A shekarun nan da arzikin mai ya cika titunan Katsina da motoci, haɗari ya yi yawa, gado ba ya kwana babu kowa.

Wata 'yar rediyo ce ta ɗauke hankalinsa zuwa sama. A cikinta ya ji labarin mutanen da suka yi watanni a sararin samaniya, inda jiki ba shi da nauyi. Fuska ta kumbura, ƙafafu su sirance, ƙashi ya yi rauni, in sun sauko tsayuwa ma sai an tallafe su. Rabe kan tsaya da auduga a hannu, ya ƙura wa gajimare ido ta taga. In mutum ya yanke a can, ina jinin zai nufa? Yaya fata za ta haɗe?

Ana haka aka kawo Lado, direban motar siminti daga Ƙofar Ƙaura, ƙaurinsa a farke. Ya daɗe kwance, ciwon ya ƙi rufewa, har aka fara zancen yanke ƙafar. Matar Lado, Asabe, ta ce a gabanta Rabe ya durƙusa bakin gadon ya yi masa magana.

"Malam Lado, kai ma fa a sama kake. Gadon nan ya ɗauke maka nauyinka. Likita ya yarda, yau za mu sauko."

"Malam, tsoro nike ji."

"Riƙe kafaɗata, ba ni sakinka."

Da tafin ƙafar ya taɓa sanyin daɓe, sai Lado ya fashe da kuka. Kowace safiya haka, a wanke, a naɗe, a ɗan taka, har sabon nama ya fara tasowa jajir. Ƙafar ta tsira.

Kai ne Rabe mai sanyin hannu, wanda warin ciwo bai taɓa sa ya kau da kai ba. Sama kake kallo, amma 'yan uwanka na ƙasa ka tsaya wa.

Yau ka ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu jinya, ku yi koyi da shi, ku ara wa majinyaci kafaɗa. Wanda ke shakka ya tsaya a Ƙofar Marusa, unguwar Malam Rabe, ranar Juma'a, zai ga Lado tafe gaishe da Malam, yana ɗingishi, amma a ƙafa.