Keken Baffa a Ɗakin Iya

Wata Juma'a ce cikin damunar 1972, an yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu a Madarumfa sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na dawo daga bakin tafki da ƙwaryar rairayi a ka, na tarar kakata Iya ta jawo keken daga ɗakinta ta jingina shi da rumbu. Ga tasoshinta a jere, ga toka, ga jiƙon tsamiya, ga soso. Haka muke yi duk Juma'a, ni da tasoshi, ita da keke. In na gama tasa ba ta ko dubawa, tambaya ɗaya take yi: "Kina ganin huskarki ciki?" In na yi jim, sai ta turo mini toka da ƙafa. Ran nan tana goga soso sai wani ɓawo mai ƙyalli ya ɓare daga jikin keken ya faɗo a tafin hannunta, tsatsa jawur ta bayyana a ƙarƙashi. Ta daɗe tana kallonsa. Tuwon ranar bai shiga bakinta ba.

Keken na Baffa Isufu ne, yayan Baba, ɗan farin Iya. Yana aikin kai saƙo a Maraɗi ya saye shi hannun wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko, da zai koma gida. Keken tsere ne, tayoyinsa sirara, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, jikinsa fari fat da rufin ƙarfen nan mai ƙyalli da ake kira kurom. A rairayin garinmu kuwa ba ya tafiya. An ce rabin hanya Baffa ke hawansa, rabi kuma shi ke saɓa keken a kafaɗa, mutane na ta dariya. Sanƙarau ya ɗauke shi wata bazara tun ina goye, ban san fuskarsa ba. Abin da na sani, Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, don kunyar ɗan fari. An ce yana raye in ya durƙusa gaishe ta, kau da kai take yi ta amsa wa bango. Da ya rasu sai ya koma "mai keken". Duk kallon da ta hana kanta yi masa, keken ta yi wa.

Baba mai gyaran kekuna ne, rumfarsa na bakin kasuwa, kuma tun farko ya san toka da rairayi ne ke cinye kurom. Keke ba kamar tasoshi ba ne, fatar ƙyallinsa siririya ce, kowane gugan soso rage ta yake yi. Shekara da shekaru yana kallo ya kasa buɗe baki. Na taɓa jin Inna, mahaifiyata, ta ce ya daure ya gaya mata, ya ce, "In ce mata mi? Ita ta ɓata shi?" Ana nan kuma ciwon yanar ido ya soma rufe idanun Iya. Ta fara laluben bakin ƙofa, tana kirana da sunan ƙanwata. Baba ya ƙudurta a ransa sai ta sake ganin keken nan yana ƙyalli kafin ganinta ya ƙare.

Bayan an kai gero rumbu aka soma. Baba ya kwance keken kaf, ya jiƙa sarƙa da kusoshi a kananzir cikin gwangwanayen tumatir, ya bi wayoyin ƙafa ɗaya-ɗaya yana miƙarwa, ya kankare tsatsa har ƙarfen ya fito toka-toka. Sirdin fatar ya bar wa Iya, ta yi ta murza masa man kaɗe har ya yi laushi. Ni kuwa in na taso lakwal na gama surfe, sai in bar ƙawayena suna gaɗa in zo in tsugunna wajenta, ina ba ta labarin inda aiki ya kai. Har waƙa suka yi mini, wai keke zan aura.

Kurom ɗin ne ya gagara. Babu mai yinsa a garinmu, Baba ya nema a Maraɗi bai samu ba, sai Kano, inda aka ce ana tsoma ƙarfe a wani ruwa da wutar lantarki ya fito sabo. Ya naɗe gangar jikin keken da kansa a buhun gyaɗa, ya damƙa wa wani abokinsa direban kamyo, babbar motar kaya, mai bi ta Jibiya. Da za a fita da buhun Iya ta riƙe bakinsa, ta ce a hankali, "Wancan ma haka ya tahi." Kamyon ya lalace a hanya, masu aikin suka yi ta jan rai, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Duk motar da ta yi gunji a bakin gari sai Iya ta ɗaga kai. Idonta kuwa bai jira ba. Kafin buhun ya dawo ko hasken ƙofa ba ta gani, kuma ban taɓa ganin Baba cikin baƙin ciki irin na lokacin ba.

Gab da shukar 1973 buhun ya iso. Baba ya harhaɗa keken, ya turo shi tsakar gida da hantsi ba tare da murna ba. Iya ta miƙa hannu ta bi shi daga kai har sirdi, ta juya ƙafar baya ta saurari ƙarar sarƙa. Sai ta ce, "Rakiya, zo ki duƙa nan. Kina ganin huskarki ciki?" Na duƙa. Ga ni kuwa, fuska ta miƙe zalalo, hanci ya baje. Na ce, "Ina gani, Iya, har da giɓina." Ta yi dariya har hawaye, ta dafa sirdin ta ce, "Isuhu dai ya iya zaɓe." Ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Baba ya juya mana baya, ya daɗe yana gyaran birkin da ba abin da ya same shi.

Juma'a na zagayowa Iya ta ce a kawo toka. Baba ya durƙusa ya sa mata tsumma da ɗan mai a hannu, ya ce, "Wanga wankin Kano ne, Iya, tsumma yake so." Ta karɓa, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya gaya mata komai.

Yau babura sun cika Madarumfa, wanda ya yi tsatsa a jefar a sayi wani, tasoshi ma sun koma roba. Keken yana rataye a ɗakina, jikokina na tambayar me ya sa ba a hawansa. Duk Juma'a nakan sauke shi in goge da tsumma, in duƙa kamar yadda aka koya mini. Har yanzu ina ganin fuska a ciki, sai dai ta Iya ce.