Ramin da Ƙaguwa Ta Haƙa

A gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Babban Mutum, in aka gama tuwon dare sai kakarmu Iya Dije ta hura karan dawa a bakin ɗakinta, mu jikoki mu zagaye ta muna gasa gyaɗa. Hannunta ba ya zama banza, tana magana tana saƙar tabarma da kabar fadamarmu. Duk wanda ya yi gyangyaɗi, da tsinken kabar nan za ta tashe shi.

"Ga wata ta taho da ƙafarta," in ji ta in za ta fara tatsuniya. Mu ce, "Ta shigo, Iya!"

Wai wata shekara fari ya yi tsanani, giwa ta tara namun daji suka datse rafi da laka, ruwa ya taru ya zama ƙaton tafki. Ƙaguwa ta ce a bar 'yar kafa, ruwa ya riƙa gangarawa fadamar da ke ƙasa. Giwa ta ce ko ɗigo. Rani na shigowa fadama ta tsage, ciyawa ta ƙone. Namun daji suka tsaya a bakin tafki, ga ruwa har wuya, ga ciki ba komai. Sai ƙaguwa ta nutse ta haƙa rami a gindin lakar. Ruwa ya bi, fadama ta yi kore, kowa ya ci.

Na ce, "Iya, wa ya ba ta izini?"

Ta zungure ni da kaba. "Ke ja'ira, ita yunwar wa ta tambaya kafin ta shigo?"

Yau ni ma kaka ce. Sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga makarantar manya, shi ya sa nake rubuta wannan da hannuna.

An gina mana babbar madatsa a saman fadamar, mun kuwa gode. Waɗanda suka gina ta sun yi mata ƙofa, domin a riƙa sakin ruwa da rani fadama ta farfaɗo. Amma makullin yana hannun masu injin ban-ruwa na bakin madatsar, shugabansu kuma ƙanena ne, Sale. Bara ba su buɗe ba. Rijiyoyinmu suka yi ƙasa, albasar mata ta bushe a kwamin lambu, kaba ta fara mutuwa. In bana ma aka yi haka, fadamar ta tafi ke nan.

Ina yarinya na ɗauka ƙarfin halin ƙaguwa Iya ke yabo. Yanzu na gane abin da take nuna mana: tara ruwa rabin aiki ne, sauran rabin sakinsa. Ba zan haƙa rami ba, don madatsar tamu ce, ba na so ta fashe. Ƙofa nake nema.

Na sami Sale a zaurensa. Ya ce, "Yaya, tumatirinmu fa?"

Na ce, "Tumatirinka zai sha, mu ma za mu sha. Ranar Asabar mata za su taru a bakin ƙofar nan da tuluna. Ka zo da makulli."

"In ban zo ba fa?"

"To ka aiko mana da abinci, don a nan za mu zauna."