Daɓen Ɗakin Gabas

Ban daɗe da tarewa ba, daga Kiru aka kawo ni, surukina ya ce mu tattara mu koma gandun kakanninsa. Ni ban riƙe shekara ba, 'ya'yana ne suke cewa alif ɗari tara da hamsin da wani abu ce, kafin mulkin kai. Gandun yana tsakanin Tudun Wada da Doguwa, gab da inda hanya take kutsawa dajin Falgore. Tun surukin nawa yana goye aka bar wurin aka koma cikin gari, don haka kango muka tarar. Zaure ba rufi, katanga ta zube, ciyawa ta fi ni tsawo.

Shi kuwa tsohon ya riga ya gama shawara. Fatake da masu kora shanu da masu bin lori zuwa Riruwai da Jos ba sa son yamma ta yi musu a cikin dajin, sai su yada zango a gindin bishiya. Ya ce zai mai da gidan masauki, a yi ɗakuna da turken jakuna, a ajiye randuna, a riƙa tuƙa wa baƙi tuwo. Ya sayar da shanunsa ya kira magina. Mutanen ƙauyen suna ta raɗe-raɗin wai gidan na mutanen ɓoye ne, shi kuma ya ce duk wanda ya sake ɗauko zancen a gidansa ya nemi wani gidan.

Sai na faɗa muku yadda muke zaune da shi. A gidanmu, matar ɗa ba ta magana da uban mijinta. In ya doso, ki kauce ki durƙusa ki sunkuyar da kai. In kina da magana, ki ba mijinki ko uwarsa su kai. Ban san fuskar tsohon nan sosai ba, da zai ɓata a kasuwa, da takalmansa zan gane shi. Mijina kuma ya raka shanun fatake kudu sai bazara, saboda haka ba ni da bakin da ya wuce na Inna, uwar mijina.

Magina suka gyara tsofaffin ɗakuna, suka kuma tayar da sabuwar shigifa a wani fili da ke gabas, wadda aka ware wa baƙi masu iyali. Da suka gama, aiki ya dawo kanmu mata, wato daɓe. Aka zuba tsakuwa aka baje, aka yayyafa ruwa, aka jiƙa makuba ta ɗorawa a manyan tukwane. Matan ƙauye suka zo gayya, kowacce da madaɓinta, muka jeru a durƙushe muna duka muna waƙa muna ja da baya. Ni dai ba yabon kai ba, na iya daɓe, don a gidanmu ba a aurar da yarinyar da ba ta iya ba.

Ƙasa mai kyau, in kin buga mata madaɓi, tana mayar miki da amsa har kafaɗa. Haka ɗakin gabas ya yi ta amsawa, har layi ya kawo ni tsakiya. Nan sai ƙarar ta sauya, ta koma irin ta ƙwaryar da aka kifa a ruwa. Na matsa gefe na buga, daidai. Na dawo na buga, sai na ji gwiwoyina suna karɓar rawar. Da na zuba makuba a wurin, ƙasar ta zuƙe ta nan take. Na daina waƙar.

Ban ɓoye ba. Mata suna watsewa na ja Inna gefe na gaya mata ƙarƙashin ɗakin nan ba komai. Ta waiga hagu da dama ta ce in rufa mata asiri, sabuwar ƙasa ce, za ta zauna. Ta ce in maganar ta fita, kafin ta kai bakin hanya an mai da ita ta aljanu, ba baƙon da zai kwana, tsoho kuma ba shi da wasu shanun. Na roƙe ta ta kai masa a asirce. Ta ce yarinyar jiya ba za ta sa ta tashi hankalin maigida a kan ƙarar itace ba.

Daɓe ya bushe ya yi jawur yana sheƙi, kowa ya gani sai ya yaba. Ni ce mai share ɗakin, kuma bango nake bi, in miƙa tsintsiya daga nesa. Wata safiya na ga wata siririyar tsaga ta kewaye tsakiyar ɗakin, da'ira sosai, faɗinta ya kai tabarma. Na kira Inna. Ta kalla ta daɗe, na ga ita ma jikinta ya yi sanyi, amma sai ta ɗebo makuba ta shafe tsagar ta fita. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ina jin tsoro, tsoro na gaske, kullum addu'ata kada Allah ya kawo mai iyali.

Baƙin farko duk maza ne, suka sauka a zaure da ɗakunan yamma. Gida ya fara kyau, jakuna a turke, hayaƙi yana tashi, ana ta sa wa tsoho albarka. Sannan wata rana da la'asar lori ta sauke wani tela da zai je Riruwai, da matarsa da 'yan yaransa. Ina tsakar gida ina daka na ga Inna ta shiga da su ɗakin gabas ta shimfiɗa tabarma a tsakiya. Yaran da suka wuni a matse a mota suka hau tsalle a kai.

Na yar da taɓarya na shiga. Na ce wa baƙuwar ta kawo yaran in yi musu wanka, ita ma ta zo ɗakina ta sha fura. Suna fita na kwaso kayansu na jibge a tsakar gida, na tsaya a bakin ƙofar na tare ta. Telan ya hango kayansa a waje, ya ɗauka korarsu ake yi, ya kai kuka zaure. Ba a jima ba na ji sallamar surukina.

Na durƙusa. Ya tambayi Inna wa ya fitar da kayan baƙonsa. Ta ce ai yarinyar nan ce da wasu 'yan maganganu nata, ba wani abu ba ne. Na san in na yi shiru yanzu, yaran nan a ɗakin za su kwana. Kaina a ƙasa, na ji muryata ta fita.

"Baba, ka gafarce ni. Akwai rami a ƙarƙashin ɗakin nan."

Bai amsa mini ba, sai ya ce wa Inna ta tambaye ni ko ina ne. Na ce tsakiya, Inna ta maimaita masa tsakiya, alhali yana ji. Ya cire takalmi ya shiga ya tsaya a kan tabarmar, ya buga diddige, ya sake bugawa. Ina tsoron ƙasa ta tafi da shi, ina kuma tsoron kada ta tafi, a mayar da yaran. Ƙasar ba ta motsa ba. Ya fito ya sa takalminsa ya ce a mayar wa baƙi kayansu, ya ba telan haƙuri, ya ce ƙuruciya ce.

Baƙuwar ta kama hannun ƙaramar 'yarta ta nufi ƙofar. Ban san lokacin da na tashi ba. Na suri taɓaryar da na yar, na riga ta shiga, na ɗage gefen tabarma, na tsaya a bayan tsagar na ɗaga na sauke da duk ƙarfina. Daɓen ya dare. Na ji Inna tana salati tana cewa na haukace. Na sake saukewa, sai taɓaryar ta zame daga hannuna ta shige ƙasa gaba ɗayanta. Muka saurara. Sai da aka ɗan jima sannan muka jiyo faɗawarta cikin ruwa, can ƙasa.

Baƙuwar ce ta fizgo ni ta zani. Ina faɗowa waje tsakiyar ɗakin ta lotsa a hankali, ta rufta, tabarmar ta bi ta. Wani sanyi mai warin ruɓa ya buso mana. Tsohuwar rijiya ce, mutanen da suka bar gidan suka rufe ta da itace suka zuba ƙasa, gara kuma ta cinye itacen ta bar gari. Daga baya an rushe ɗakin an yashe rijiyar, baƙi sun sha ruwanta shekaru da yawa, amma a ranar ba wanda ya yi wannan tunanin.

Surukina ya dafa bango ya zauna a ƙasa, a tsakar gida, a gaban mata. Baƙuwar tana ta shafa kan yaranta ɗaya bayan ɗaya, in ta kai ƙarshe ta sake farowa. Sai ƙaramar ta fashe da kuka tana nuna ƙofar, wai a ɗauko mata 'yar tsanarta ta kara, ta kwantar da ita a kan tabarma tana barci. Uwar ta durƙusa ta rungume ta, ta ƙanƙame ta, har yarinyar ta bar zancen 'yar tsana ta koma cewa a sake ta, ana matse ta. Ba ta sake ta ba.