Muryar Malam Habu a Hanyar Fagam

Shekara ashirin da shida ina tuƙa motar asibiti. Na ɗauki masu naƙuda, na ɗauki waɗanda maciji ya sara, na ɗauki waɗanda aka zaro daga ƙarƙashin mota. Amma ranar da ba za ta taɓa fita raina ba wata Laraba ce ta tsakiyar damina, shekara uku da suka wuce. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ana tsokanata wai gawa ta taɓa yi mini magana. To ga yadda abin ya faru.

Sunana Sule, mutumin Wurno ne ni. A lokacin ina babban direba a wani ƙaramin asibiti cikin ƙasar Gwaram. Aikinmu shi ne, in ciwo ya fi ƙarfin asibitinmu, a rubuta wa majinyaci takardar turawa, ni kuma in kai shi babban asibiti a Birnin Kudu. Kafin in tayar da mota sai na rubuta lokacin fita da inda za ni a littafin tafiya, shugabar asibitin, wadda muke kira Hajiya, ta sa hannu. Motarmu ta masu rai ce. Ba a ɗaukar gawa a cikinta sai da izinin Hajiya.

Ni mutum ne mai son jin karatun Alƙur'ani a hanya. Shekara da shekaru ina da wata 'yar igiya baƙa, kai guda a ramin iyafis na wayata, wato inda ake soka abin sauraro na kunne, ɗaya kan a rediyon mota, sai karatu ya fito ta sifika. Da wayar ta tsufa, 'yata ta saya mini sabuwa. Na juya ta sama da ƙasa ban ga inda zan soka igiyar ba. Ranar kasuwar Gwaram na kai ta wurin Malam Nasiru mai gyaran waya, na ce masa an sayar wa yarinya da waya mai naƙasa.

Ya yi dariya ya ce, “Malam Sule, lafiyarta ƙalau. Masu ƙerawa ne suka fara toshe ramin. Wai don waya ta ƙara sirancewa, ruwa kuma ya rasa ta inda zai shiga. Yanzu ta iska ake jin sauti.”

Ya ba ni wani ɗan abu kamar kan caja, wanda ake sokawa a ramin caji na mota. Ya ce sunansa bulutut. In ka haɗa shi da waya sau ɗaya, duk lokacin da suka kusanci juna za su gane juna da kansu. In sun haɗu kuma, wata muryar mace takan yi Turanci a taƙaice, alamar an haɗa. Ban so abin ba, amma na saba.

Ranar Litinin ta makon da nake ba ku labari, aka turo mana wani manomi daga Fagam, Malam Habu, mutum mai kimanin shekara hamsin da biyar, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Ya ce kwanciya na ƙara toshe masa ƙirji, don haka na zaunar da shi gaba kusa da ni, matarsa Lami tana baya. Na kai su Birnin Kudu na dawo.

Ranar Laraba da hantsi na sake kai wata mai naƙuda Birnin Kudu. Ina shirin juyowa sai na ga Lami zaune a gindin bishiya ta lulluɓe kai, wani dattijo dogo yana tsaye nesa da ita kaɗan. Ta gane ni. Ta ce Malam Habu ya cika da safe, ga yayansa Malam Garba ya zo, suna neman motar da za ta kai shi gida a yi jana'iza bayan la'asar.

Na kira Hajiya na ce, “Ranki ya daɗe, majinyacinmu na Litinin Allah ya yi masa rasuwa. Ga ni zan dawo ba kowa a mota.”

Ta ce, “Allah ya ji ƙansa. Takardar sallamar gawa tana hannunsu?”

Na ce tana nan.

“To ka ɗauko shi, Malam Sule. Ka rubuta a littafi, in ka iso zan sa hannu.”

Muka shimfiɗa shi a baya, an ɗaure masa haɓa, an rufe shi da zane. Lami ta zauna kusa da shi da jakar kayansa a gefenta. Malam Garba ya shigo gaba. Muka kama hanya. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa da kai. Na ɗauka nauyin rashi ne, sai da muka fita gari ya ce, yana kallon gilashi, “Shekara tara ba mu gaisa ba. Don idon mutane na zo. Zan kai shi, amma wanka sai dai wasu su yi.” Na ci gaba da tuƙi. Direba ba ya shiga irin wannan.

Wayata ta mutu tun a asibiti, ba caji, tana aljihuna. Don haka shiru muke tafe. Azahar ta wuce, hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu-duhu, gero a gefen hanya ya tsaya cik ba iska. Mun yi tafiya mai nisa ba mu gamu da ko babur ba. Sai na faɗa wani rami da ruwa ya ɓoye, mota ta yi tsalle.

Nan take muryar macen nan ta yi Turancinta.

Na taɓa aljihuna. Wayar tana nan a mace. Kafin in gama tunani sai wani sauti ya cika motar, kamar mutum yana jan numfashi da ƙyar. Ya ja, ya saki. Ya ja, ya saki. Sai tari. Na san tarin nan, na yi tafiya da shi ranar Litinin.

Sai aka ce, “Yaya.”

Na dubi rediyon motar.

“Yaya Garba, kana jina?”

Wallahi da kunnena na ji dattijon nan ya ce, “Na'am.” Bakinsa ne ya amsa kafin hankalinsa ya iso. Na taka birki har mota ta ja ƙafa ta tsaya a gefen hanya. Lami ta hau bugun ƙaramar tagar da ke tsakaninmu tana salati. Na diro na zaga na buɗe baya. Malam Habu yana nan yadda muka shimfiɗa shi. Na ɗaga zanen. Haɓa a ɗaure, ido a rufe, jiki ya yi sanyi. Amma muryarsa tana ta fitowa daga gaban mota, a hankali, tana tsayawa tana hutawa.

Ban kashe injin ba, kuma ban iya kai hannu in cire komai ba. Muka tsaya mu uku a bakin hanya muna saurare.

Muryar Malam Habu ta ce, “Maganar gonar Baba ce. Ciyawar gambar nan ta iyaka, ni na tuge ta na matsar da ita cikin naka kason, taku huɗu. Ka ce ni ne, na rantse a gaban mai unguwa ba ni ba ne. Ni ne, Yaya. Kunya ta hana ni dawowa. Lami ma ba ta sani ba. Ka mayar da ita inda Baba ya dasa, kusa da kututturen marke.” Ya yi tari mai tsawo. “Ina jin ba zan tashi ba. Don Allah kada a sa ni a rami ba ka yafe mini ba. Kuma kai nake so ka yi mini wanka. Kai ka yi wa Baba.”

Malam Garba ya sulale ya zauna a ƙasa, cikin laka, da farar rigarsa.

Muryar ta yi shiru, numfashi kawai ake ji. Na ɗauka ya ƙare. Sai ta sake tashi, a sarari fiye da da, ta ce, “Malam direba, ka bi a hankali. Hanyar ba kyau.”

Daga nan sautin ya yanke. Sai ƙarar injin, da yayyafi da ya fara sauka a rufin mota.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Malam Garba ne ya fara motsi. Ya tashi ya shiga baya, ya durƙusa, ya ɗora hannu a kan zanen ya ce, “Habu, na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini.” Ya ce wa Lami ta koma gaba, shi zai zauna da ƙanensa. Na ja mota a hankali kamar yadda aka ce mini. Ban wuce giya ta biyu ba har Fagam. Shi ya yi wankan, ni ma na tsaya aka yi sallah da ni.

Da na koma asibiti na rubuta lokacin dawowa, Hajiya ta dubi littafin ta ce na yi jinkiri. Na ba ta labari. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ka nemi wayar mamacin ka kai wa mai gyara. In ba ka san dalili ba, ba za ka ƙara tuƙa motar nan da natsuwa ba.”

Bayan sadakar uku Lami ta ba ni wayar. A cikin jakar kayansa take tun daga asibiti, ba wanda ya taɓa ta. Irin tawa ce, ba ramin iyafis. Ina ganinta na tuna abin da na manta da shi sam: ranar Litinin Malam Habu ya roƙe ni in sa masa karatun wani alaramma da ke cikin wayarsa, ni da hannuna na haɗa ta da bulutut ɗin motar.

Malam Nasiru ya duba ya ce, “To ai shi ke nan. Sun san juna. Abin naka ya yi sako-sako a raminsa, da ka faɗa rami ya zauna daidai ya kawo wuta. Wayarka a mace, sai ya kama wadda ya samu. Wasu wayoyin kuma da sun haɗu sai su ci gaba da abin da aka saurara na ƙarshe. Marigayin ya ɗauki muryarsa a wayar, ya saurara, bai aika ba.”

Na ce, “Yaushe ya ɗauka?”

Ya duba ya ce ranar Talata da yamma.

Na ce, “Talata yana kan gadon asibiti. Wane direba yake wa magana?”

Malam Nasiru ya sa muka sake saurare. Maganar tana nan a ƙarshe, yadda na ji ta. Sai ya ce mai zafin ciwo yakan ɗauka yana wani wuri daban, ƙila ya ga kamar har yanzu yana cikin motata. Na ce ƙila. Ya miƙo mini wayar da sauri. Har yau iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba na ƙari a kai.

Daga baya na ji an mayar da gambar wurinta, Malam Garba kuma shi ke noma wa Lami gonar.

Abin da na koya biyu ne. Na farko, da can in sauti ya fito a motata, ina bin igiya da ido in ga daga hannun wa ya fito. Yanzu ba igiya, duk wayar da ka taɓa haɗawa tana da hanyar shigowa. Wannan karon alheri ya fito, amma da sirrin wani ne fa, a gaban wanda bai kamata ya ji ba? Saboda haka in na ɗauki majinyaci nakan cire bulutut ɗin in sa a aljihu, ku ma ku riƙa yi.

Na biyu ya fi nauyi. Mutanenmu da yawa ba sa rubutu, kuma akwai maganar da ba sa iya faɗa ido da ido. Waya suke faɗa wa. Hajiya ta sa doka a asibitinmu: in za a miƙa kayan mamaci, a danƙa wayarsa a hannun iyalinsa, a ce musu su saurari abin da ke ciki kafin su goge ko su sayar. Ni ma duk gawar da na kai gida sai na faɗa. Sau biyu tun daga nan an dawo an yi mini godiya.

Kuma ko mai rai na ɗauko ko wanda ya riga mu, in na hango rami nakan rage gudu, in ce, “A yi haƙuri, Malam, za mu ɗan girgiza.” Kuna iya yin dariya. Ni dai ban ƙara ɗauka cewa na bayan nan kaya ne ba.